Yadda muka ɗinke iskar da muke shaƙa a jikin ƙyalle

Gara in faɗi gaskiya tun daga farko: ban shiga shirin don in koyi wani abu ba, na shiga ne neman hujja. 'Yata ta biyu tana fama da asma, akwai daren da ƙirjinta ke fito kamar ana busa sarewa, ni kuwa na daɗe da yanke hukunci a kan mai laifi. Babban titin da ya ratsa ta bayan gidajenmu ne, da manyan motocin da ba sa hutawa a kansa dare da rana. Saboda haka da na ga sanarwa cewa wasu masu bincike na jami'a suna neman mazauna unguwa da za su auna iskar da suke shaƙa da hannunsu, sannan su ba jama'a labarinta ta hanyar da suka zaɓa, ban yi wata-wata ba na rubuta sunana. Sana'ata lissafi ce, ni ke riƙe da littattafan kuɗi a inda nake aiki, kuma a tunanina lamba ba ta ƙarya. A ba ni lamba, in ajiye ta a gaban hukuma, magana ta ƙare.

Mu 14 ne a zaman farko. Akwai wata dattijuwa tela da kowa ke kira Mama, da wani tsohon direban bas, da malamin makaranta, da ɗalibai biyu, da wani ma'aikacin shara, da wata mai goyo, sai sauranmu. Mai jagorantar aikin masaniyar kimiyyar iska ce, muna ce mata Malama. Na zo da biro da takarda ina jiran lacca, sai kawai ta raba mana ƙananan katuna ta ce kowa ya rubuta lokacin da ya fi jin iska ta yi masa nauyi, da abin da yake zargi. Raina ya ɗan ɓaci. Na ce mata, "Malama, ai ke ce masaniya. Mu zuwa muka yi mu ji."

Ba ta yi gardama da ni ba, labari ta ba mu. Ta ce shekaru da dama masana sun ɗauki jama'a kamar tulun da babu ruwa a ciki, aikinsu kawai su ɗura ilimi, in mutum ya ƙi yarda to bai gane ba ne, a ƙara ɗura masa. Sai ga hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Ukraine a 1986. Iska ta kwaso gubar da ta fita daga tashar, ruwan sama ya sauke ta a kan tsaunukan Cumbria da ke arewacin Ingila, inda makiyayan tumaki suke. Hukuma ta hana sayar da tumakin, masana suka ce abin na mako 3 ne, domin ƙasa za ta riƙe sinadarin siziyom, wato gubar nukiliyar da ta sauka, ta hana shi shiga ciyawa. Lissafin nasu an gina shi ne a kan ƙasa mai yumɓu, ƙasar tsaunukan kuwa mai tsami ce ta ruɓaɓɓun tsirrai, ba ta riƙe shi, ciyawa ta ci gaba da zuƙa, tumaki suka ci gaba da ci. Makiyayan sun san ƙasarsu gona-gona, sun san inda tumaki ke kiwo a kowane lokaci na shekara, amma ba wanda ya ɗauki saninsu a bakin komai. Wani masanin zamantakewa, Brian Wynne, ya bi diddigin lamarin ya rubuta a kansa. Takunkumin ƙarshe a kan gonakin sai a 2012 aka ɗage shi, bayan shekara 26.

Mama ta gyara zama ta ce, "Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo." Malama ta ce to shi ya sa ta ba mu katunan. Na rubuta "titi" da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

A zama na biyu aka fito da na'urorin. Kowace ba ta fi sabulun wanka girma ba, da igiyar ratayawa a wuya. A cikinta akwai 'yar fanka da ke jawo iska ta bi ta gaban hasken leza, duk ƙwayar ƙura ko hayaƙi da ta gifta sai ta watsa hasken, wani ido a gefe ya ga walƙiyar, daga nan na'urar ta ƙiyasta yawan ƙwayoyin da nauyinsu. Ƙwayoyin da muke farauta su ne ake kira PM2.5, waɗanda faɗinsu bai wuce maikuromita 2.5 ba. Silin gashin mutum ya ninka su kauri kusan sau 30. Hanci da maƙogwaro suna tare manyan ƙwayoyin ƙura, waɗannan kuwa wucewa suke yi har can cikin huhu, mafi ƙanƙanta cikinsu ma suna iya kaiwa ga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana da hannu a mutuwar mutane kusan miliyan 7 a kowace shekara. A 2021 ta sake tsuke ma'auninta: matsakaicin shekara kada ya wuce maikurogiram 5 a kowace kubik mita ta iska, na kwana guda kuma kada ya wuce 15. Kafin nan 10 ne da 25. Na kwafe waɗannan lambobi cikin jin daɗi, domin irin abin da na zo nema ke nan.

Amma ba a bar mu mun tafi da na'urorin a ranar ba. Jera su aka yi a kan tebur ɗaya, a ɗaki ɗaya, aka bar su kwana uku suna shaƙar iska ɗaya. Da muka dawo aka nuna mana sakamakon, kowace da abin da ta faɗa. Tashi da faɗuwarsu tare suke yi, amma wata kullum tana sama da 'yan'uwanta, wata kullum tana ƙasa. Abin ya girgiza ni fiye da yadda na nuna. A wurin aikina in littattafai biyu suka saɓa, to ɗaya ya yi kuskure ko ya yi sata. Malama ta ce a nan ba haka ba ne, na'urar ba awon nauyi take yi ba, ƙiyasi take yi daga haske. Manyan injinan da hukumomi ke dogaro da su kan tara ƙurar a jikin matata a auna ta, su kuwa waɗannan ƙananan sai an gwada su da babban inji an gyara lissafin kowace. Aka manna wa kowace lambarta, aka rubuta halinta, kamar dai yadda ake sanin agogon da ke gudu da wanda ke latti.

Tare da na'urar aka ba kowa ɗan littafi. Duk lokacin da ka sauya wuri, ko ka ji wari, ko aka kunna wuta, ko ka shiga mota, ka duba agogo ka rubuta. Ni dai na raina littafin nan. Na ce a raina na'ura tana ɗaukar komai kowane minti, mene ne amfanin rubutun hannu? A mako huɗu na farko abin da na rubuta bai cika shafi biyu ba. Ƙari a kan haka, akwai kwana uku da na jefa na'urar cikin jaka na zuge, na manta da ita har batirin ya mutu.

Ranar da aka dawo mana da alƙaluman, an haska su a bango da majigi, layuka 14 masu launi daban-daban sun cukurkuɗe da juna. Ɗakin ya yi tsit. Can sai tsohon direban ya ce, "Malama, wannan ai haƙoran zarto ne, me za mu yanka da shi?" Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta kashe majigin. Ashe ta riga ta buga layin kowa shi kaɗai a kan doguwar takarda. Aka shimfiɗa su a ƙasa, aka ce kowa ya durƙusa kusa da tasa da littafinsa, duk inda layi ya yi tsini ya rubuta masa suna.

Nan ɗakin ya kacame. Mama, wadda jikarta ke rubuta mata, ta san kowane tsini kamar 'ya'yanta: wannan ranar da aka ƙona busassun ganye a bayan katanga ne, wannan ranar da ta tsaya jiran mota kusan sa'a guda, wannan kuma guga ce da ta ƙona yadi. Direban ya gano cewa tsininsa mafi tsawo ba a kan hanya yake ba, a tasha ne, inda motoci ke tsaye injinansu a kunne. Ma'aikacin sharar ya nuna mana bambancin safiyar da aka yayyafa ruwa kafin shara da wadda ba a yayyafa ba, ko makaho ya shafa zai ji. Mai goyon ta rataya tata ne a jikin keken jariri, ƙasa-ƙasa kusa da salansar motoci, kuma ita ta fara tambayar da Malama ta ce ba ta taɓa zuwa mata a rai ba a wannan aikin: shin iskar da ke daidai hancin yaro ɗaya take da wadda ke daidai hancin babba? Ni kuwa ina durƙushe a gaban takardata kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ga tsini dogo kusan kowace rana, wajen ƙarfe 7 na yamma, ya fi duk na safiya tsawo, littafina kuma fayau.

Ban rasa amsa ba. Na ce lokacin ne manyan motoci ke fitowa. Sai ɗaya daga cikin ɗaliban, wanda ɗakinsa ya fi gidana kusa da titin, ya jawo takardarsa ya jera da tawa ya ce, "Baba, to ni me ya sa babu shi a tawa?" Na ce iska ce ke kaɗo hayaƙin wajenmu. Ya yi shiru don girmamawa, amma na san ban gamsar da kowa ba, har ni kaina.

A nan ne Malama ta kawo maganar taswirar kwalarar Landan, wadda kusan duk mai harkar zana alƙaluma ya san ta. A ƙarshen watan Agustan 1854 cutar ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutum fiye da 600. Likita John Snow ya zargi famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad, aka cire masa hannu, daga baya ya zana taswira inda kowace mutuwa ta zama ɗan baƙin layi a ƙofar gidan da ta faru, layukan suka taru a kewayen famfon. Ta ce abin da ake yawan mantawa shi ne taswirar ba ita kaɗai ta yi aikin ba. An bi mutane an tambaye su. Ta haka aka san cewa ma'aikatan kamfanin giya da ke kusa sun tsira domin ba ruwan famfon suke sha ba, aka kuma san wata gwauruwa da ke can nesa a Hampstead wadda ta mutu, ashe kullum ana kai mata ruwan famfon don tana son ɗanɗanonsa. Sannan ga Henry Whitehead, matashin limamin cocin unguwar, wanda ya fita da niyyar ƙaryata Snow. Ya san mutanen, suna buɗe masa ƙofa, ya bi su gida-gida, ƙarshe shi ne ya gano jaririyar gida mai lamba 40 da aka zuba ruwan wankin ƙyallayenta a ramin ƙazanta 'yan taku kaɗan daga rijiyar. Ya fita neman hujjar abin da ya yarda da shi, ya dawo da akasinsa, kuma bai ɓoye ba. Ba ta dube ni ba lokacin da take faɗar wannan, amma na gane. Ta ƙara mana mako biyu, ta ce ni musamman in riƙe littafina.

Washegari na dawo daga aiki da wuri, na zauna a falo da na'urar a kan cinyata, ina kallon lambar da ke jikinta. Ƙarfe 6 ba wani abu. Motoci suna wucewa, ina jin rugugin su, lambar tana ɗan motsi tana komawa. Wajen 7 saura kwata aka ɗora mai a wuta a kicin. Kafin in ji ƙamshi lambar ta fara hawa, ta ninka, ta sake ninkawa. Na tashi na bi ta, kamar mai bin sawu, duk takun da na yi zuwa ƙofar kicin tana ƙaruwa. A daidai bakin ƙofar, a ƙasa, 'yata ce a kwance rub da ciki tana aikin makaranta, inda take kwanciya kullum don ta riƙa hira da uwarta. Na ɗaga kai na dubi tagar kicin, wadda ke kallon titi. A rufe take ruf, da tsumma a cushe a ƙasanta. Ni na cusa tsumman da hannuna, shekara biyu da suka wuce, na kuma kafa doka kada wanda ya sake buɗe ta, don kada hayaƙin motoci ya shigo wa yarinya.

Matata ta juyo ta gan ni tsaye da na'ura, ta karanta fuskata, ta ce, "Kada ka soma kallona, Baban yara. Sau nawa na ce maka idona na yaji a ɗakin nan?" Gaskiyarta ne, ta faɗa ba sau ɗaya ba. Ita ce ma'aunin farko a gidan, ni ne ban ɗauki karatunta ba. Na zare tsumman na tura tagar, muka tsaya mu biyu muna kallon lambar tana sauka a hankali. Daren nan na cika shafi uku.

Da na kai labarin zaure, na kai shi ne da zafin sabon tuba, ina cewa ashe titi ba shi da laifi. Malama ta taka min birki. Ta ce na bar kuskure ɗaya zan faɗa wani. Na'urarmu ƙwayoyi kawai take gani, ba ta ganin iskar gas, kuma ɗaya daga cikin manyan illolin hayaƙin mota, musamman mai amfani da dizal, ita ce iskar naitirojin dayoksaid, wadda aka san tana tayar da asma. Ta ambaci Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara 9 da ke zaune kusa da wani babban titi a kudu maso gabashin Landan, wadda asma ta yi ajalinta a 2013. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana fafutuka, har a watan Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta, karo na farko da aka rubuta haka a Birtaniya. Ta ce abin da takardata ta nuna shi ne akwai hayaƙi mai yawa a gidana da yamma, ba ta nuna shi ya jawo ciwon 'yata ba, ba ta kuma wanke titi ba. In kai wa likitan yarinyar bayanin, shi ya san yadda zai haɗa shi da sauran abin da ya sani.

Rigima mafi zafi da muka yi kuwa a kan wata safiya ce da na'urorinmu duka suka yi tsalle lokaci guda. Malamin makarantar ya ce ga kanun labarinmu, ranar da unguwa gaba ɗaya ta shaƙi guba. Sai aka duba littattafai. Mutum biyar sun rubuta abu ɗaya da kalmomi daban-daban: raɓa ta yi yawa, gilashin mota ya jiƙe, gari ya yi laima. Malama ta bayyana cewa in danshi ya yi yawa ƙwayoyin kan sha ruwa su kumbura, su watsa haske fiye da kima, na'urar ta ɗauka sun fi haka nauyi. Wataƙila iskar ba ta da kyau a safiyar, amma ba za mu iya rantsuwa a kan tsawon tsinin ba. Malamin ya ce in muka cire shi labarin ya yi lami, ba wanda zai saurare mu. Na fahimce shi sarai, domin ni ma da labarin da nake so na zo. Aka kai ruwa rana, ƙarshe aka tsaya a kan ba za a cire safiyar ba, ba kuma za a yi tutiya da ita ba, za a nuna ta a matsayin abin da muke shakka.

To ta yaya za a nuna? Malama ta baje mana misalai. Zanen da Florence Nightingale ta yi a 1858 mai kama da fure, wanda ya nuna cewa cututtuka sun fi raunukan yaƙi kashe sojojin Birtaniya a Crimea. Jadawalan da W. E. B. Du Bois da ɗalibansa na Jami'ar Atlanta suka zana da hannu suka kai bajekolin Paris a 1900, a kan rayuwar baƙaƙen fata a Amurka. Matan karkara na lardin Yunnan a ƙasar Sin da aka ba kyamarori a farkon shekarun 1990 suka ɗauki hotunan rayuwarsu don masu tsara manufofin lafiya su gani. Sai zanen Ed Hawkins na Jami'ar Reading da ya fito a 2018, ratsi-ratsi kawai, kowane ratsi shekara ɗaya, daga shuɗi zuwa ja, ba lamba ko ɗaya, amma yana nuna ɗumamar duniya a kallo guda. Ni na nemi a rubuta rahoto mai shafuka. Ɗaliban suka nemi sauti. Mama ta daɗe tana kallon ratsin Hawkins, sannan ta ce, "Wannan ai saƙa ce. Ku kawo min zare."

Tsarin da muka yi shi ne kowa yana da tsirin ƙyalle nasa. Kowace rana layi ɗaya ce, kowace sa'a ɗinki ɗaya, 24 a jere, launin zaren ya danganta da yawan ƙwayoyin, daga shuɗi mai haske zuwa ja mai duhu. Safiyar raɓar nan aka ba ta zare ruwan toka. A nan ne dai sana'ata ta yi rana. An so a ce duk sa'ar da ta wuce 15 a yi mata ja a rubuta cewa ta karya ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Na ce a'a, 15 ɗin nan matsakaicin sa'a 24 ne, ba na sa'a ɗaya ba, kamar a ɗauki kasafin wata a auna kashe-kashen yini da shi. In muka yi haka, duk wanda ya san abin zai watsar da aikinmu gaba ɗaya. Malama ta yi murmushi ta ce ita ma ta kusa barin ya wuce. Mafitar da Mama ta kawo ta fi tawa kyau: launi ya nuna sa'o'i, sannan a ƙarshen layin duk ranar da matsakaicinta ya haura 15 a ɗinka maɓalli. Ni na yi lissafin maɓallan, ɗaya bayan ɗaya.

Amma kada in yabi kaina da yawa, domin da aka zo kan kwana ukun da na'urata ta mutu a jaka, ni ɗin nan ne na raɗa wa Mama cewa mu cike su da matsakaicin sauran kwanakin, kada tsirina ya fito da giɓi. Ta sauke tabarau ta dube ni ta ce, "Ɗana, wanne launi ka gani a ranar?" Na ce ban gani ba. Ta ce, "To me zan ɗinka?" Aka bar layuka uku farare. Daga baya na lura masu kallo sun fi tsayawa a kan irin waɗannan giɓin suna tambaya, kuma amsar da ake ba su ita ke sa su yarda da sauran ɗinkin.

Ɗinkin ya ci mana Asabar huɗu. Yatsun direban sun sha allura, nawa layukan sun karkace, ba wanda ya damu. Abin da ban zata ba shi ne yadda ɗinka sa'a ɗaya-ɗaya ke sa mutum ya san alƙalumansa. A kwamfuta mako shida kallo ɗaya ne. Da allura kuwa sai ka soka jan zare a ƙarfe 7 na Litinin, ka sake sokawa a ƙarfe 7 na Talata, har jan ya zama ginshiƙi daga sama zuwa ƙasa, kana ji a hannunka.

Taswira ce kaɗai muka fasa. Da aka ɗora alƙaluman a kan gidaje, jan ya taru a wani lungu da kowa ya san masu ƙona shara a cikinsa. Wasu suka ce a nuna, kunya ta hana su. Ma'aikacin sharar, wanda ba ya yawan magana, ya ce mota ba ta shiga lungun, kwandon da ya fi kusa da su tafiya ce mai nisa, wanda shara ta taru masa a ƙofa da yara a gida me ake so ya yi? In muka manna taswirar, mutane za su koma gida da sunan maƙwabci a baki, ba da maganar kwashe shara ba. Aka ajiye ta. Tsirayen ma ba a sa musu suna ba, sai jimloli daga littattafanmu da aka rubuta a kati aka rataya a gefen ɗinkin, irin su "injin a kunne, muna jiran fasinja" da "an yayyafa ruwa yau". Wanda ya ga dama ya tsaya kusa da nasa.

Ranar nunin aka haɗe tsirayen 14 suka zama bango guda, aka kuma ce a taɓa. Ɗaliban sun mayar da yini ɗaya na direban zuwa bugun ganga na minti biyu, yana tafiya a sanyaye, ya haukace a tasha, ya sake lafawa, yara suka sa aka maimaita shi ba adadi. Wani jami'i ya zo ya zaga, ya ce ƙyalle ya yi kyau amma shi lambobi yake so. Na miƙa masa rahoton da na dage aka rubuta, shafin farko na bayanin abin da na'urorinmu ba sa iya gani ne. Ya karɓa, ya tambayi maganar tasha da ta lungun shara, ya rubuta wani abu a takardarsa. Ko zai yi aiki da shi, lokaci ne zai nuna.

Ni na tsaya kusa da tsirina. Katin da ke gefen jan ginshiƙin cewa yake, "ni na rufe tagar". Wata mata ta daɗe tana shafa shi da yatsa daga sama zuwa ƙasa, har inda jan ya koma ruwan lemo a layukan ƙarshe. Ta ce, "Malam, nan me ya faru?" Na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce kicin ɗinta ba shi da taga ma sam, ta tambayi inda ake rubuta suna.

Rukuni na biyu ya fara watan jiya, tana ciki, ni kuma ina taimakawa da lissafi. Wannan karon an ƙara da wasu 'yan bututun roba, tsawon yatsa, masu zuƙar naitirojin dayoksaid a hankali. Ana rataye su a waje kimanin wata guda, sannan a toshe a aika ɗakin gwaji. Tambayar mai goyon nan ma an ɗauke ta, za a gwada awon a tsayin yaro da na babba. Bututuna yana ɗaure a jikin falwayar da ke tsakanin tagar kicin ɗinmu da titi. Saura kwana 9 a sauke shi.